Numfashin da Malam Enoch Ya Bar Mana

Jawabin da Helen Auta ta yi a madadin matan Randagi, a taron cika shekara ɗaya da rasuwar Malam Enoch Bakoji, malamin ɗakin magani. Filin makarantar firamare, Asabar, 16 ga Afrilu, 1977.

Ranka ya daɗe wakilin Hakimi, da ka taso tun daga Birnin Gwari a kan wannan hanya tamu mai wuyar bi, sannu da zuwa. Ranka ya daɗe Dagaci, da masu unguwanni. Baba Fasto da dattawan ikilisiya. Allah gafarta Malam Liman, da jama'ar masallaci da suka rufa maka baya. Hedimasta da malamansa. Baƙinmu na Kazage da Gayam da kuka tako da ƙafa cikin wannan rana. Yaya Susan, matar marigayi, da 'ya'yansa Ibrahim da Alice, da dangi duka. Iyayena, yayyena da ƙannena, ina gaishe ku, ina kuma yi mana gaisuwar rashi, domin rashin na kowa ne.

Ni ba mai ilimi ba ce. Aji uku na yi aka cire ni, ɗan abin da na ƙara a ajin yaƙi da jahilci na samo shi. Da mata suka ce ni zan tsaya a madadinsu, cewa na yi su nemi wadda ta iya magana. Yaya Susan ce ta kira ni ɗakinta ta ce, "Helen, masu iya magana suna da yawa, amma ke kika san abin da ya fi damun Malam. Tashi ki faɗa." Shi ya sa kuka gan ni a nan. In muryata ta sarƙe, ku yi haƙuri ku jira ni.

Malam Enoch ya zo mana shekara biyu bayan samun mulkin kai. A lokacin ɗakin magani ɗaki ɗaya ne mai jinka, da benci ɗaya, da akwatin ƙarfe. Shekara goma sha huɗu ya yi a cikinmu.

Ya kasance mutum ne da ba ya tambayar addininka kafin ya wanke maka gyambo. Ya kasance in damina ta cika rafi, sai ya ɗora kekensa a ka, ya ƙetare da ruwa har ƙirji, don ya kai lambar rigakafi Kazage. Iyayen da ke nan sun san yawan yaran da baƙon dauro yake kwashe mana kafin zuwansa, sun kuma san yadda abin ya ragu. Ya kasance masu yankan katako a cikin daji, in zarto ya ci mutum ko maciji ya sare shi, sunansa suke kira tun kafin su kira na uwarsu. Ya kasance mai barkwanci. Ƙato in ya ga allura ya fara zufa, sai Malam ya ce, "Sannu jarumi, juya ka kalli bango, bangon ma tsoro yake ji." Kafin ka gama dariya an gama.

Waɗannan kowa zai iya faɗa. Abin da aka tashe ni in faɗa daban ne, kuma yana da nauyi a bakina.

Bayan yaƙin basasa da shekara ɗaya, aka tura Malam kwas na wata biyu a Kaduna. Ya dawo da wani abu da ba mu taɓa ji ba. Ya ce in ruwa ya ci mutum, aka tsamo shi ba ya numfashi, ba lallai ne ya mutu ba tukuna. Akwai ɗan lokaci kaɗan, bai kai a tafasa ruwan koko ba, da in aka hura masa numfashi baki da baki, aka kuma danna masa ƙirji, da yardar Allah yana iya dawowa.

Ya ba mu labarin yadda aka yi a ajin. Wai Baturiyar da take koyar da su ta ce a ƙasarsu masu hali sukan gina tafkin siminti a cikin gida don ninƙaya, kuma ya kamata duk mai irin wannan tafki ya iya wannan aiki, domin ɗansa ne zai fara faɗawa, shi ne kuma mafi kusa. 'Yan ajin suka fashe da dariya, suka ce wa ke da tafkin ninƙaya a ƙauye? Malam ya ce shi bai yi dariya ba, domin Randagi ce ta faɗo masa a rai. Ya ce, "A garinmu kowane maigida yana da tafki. Duk wanda ya haƙa ƙasa ya yi tubali ya gina ɗaki, ya bar rami a bayan gidansa. Damina ta zo ta cika shi. Na Bature ma ana ganin ƙasansa, namu kuwa ja wur, yaro ya nutse ba mai gani."

Kududdufi yake nufi. Ya bi gari da ƙafa ya ƙirga su, talatin da ɗaya. Ɗaya a cikinsu namu ne, taku ashirin daga madafata.

Da yake ba a ba shi abin koyarwa ba, sai ya ɗinka nasa. Ya cusa audugar rimi a buhun gishiri, ya yi masa kai da gora, ya sa robar cikin ƙwallo a ƙirjin, ya haɗa da ɗan tiyo zuwa baki. In ka hura daidai, sai ƙirjin buhun ya taso. Yara suka raɗa masa suna Ɗan Buhu. Malam yakan goya shi a bayan keke ya bi gida gida, duk inda akwai kududdufi.

Mun yi masa dariya, kada mu ɓoye. Labaran mahauci, ga shi can zaune, shi ne yake ɗaga murya daga rumfarsa: "Malam, ina za ka da amarya? Yaya Susan ta sani kuwa?" Malam ya ce, "Ta sani, Labaran. Wannan ba ta cin nama, shi ya sa ba ka sonta." Wasu magidanta suka ce ba za su sumbaci buhu ba da girmansu. Wasu suka ce wanda kwanansa ya ƙare ya ƙare. Malam yakan ce, "Gaskiya ne. Amma ni da kai ba mu san ranar da ya ƙare ba. Ka yi naka, Mai rai ya yi nasa."

Ya zo gidanmu sau biyu. Na durƙusa a kan Ɗan Buhu ina dariya, ina rufe fuska da gyale. Ya nuna mini yadda ake kwantar da mutum rigingine a ƙasa mai tauri, a share masa baki, a ɗaga haɓa, a toshe hanci, a hura har ƙirji ya taso. Ya nuna mini inda ake ɗora hannu a tsakiyar ƙirji. Ya ce, "Ku mata kun riga kun iya, saurin daka ne. Kada ki tsaya hutu sai an karɓe ki." Na yi, buhu ya taso. Ya ce, "Kin iya, Helen." Ku riƙe wannan, jama'a: na iya. Ba jahilci ne ya ci ni ba.

Damina ta gaba, cikin marka, aka yi gayya a gonar maigidana. Maza duk suna gona. Mu mata muna gida muna aikin abincin 'yan gayya, ni da surukata Iya, da ƙannenta biyu da suka zo daga Gayam, da maƙwabciyata Hassana.

Ina da 'ya, shekararta shida. 'Yar fari ce. Kun san al'adarmu, mu da 'yan'uwanmu Musulmi duk ɗaya ce a nan: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi a gaban surukai. Tun da aka yaye ta a ɗakin Iya take kwana. 'Yar Iya nake ce mata. In ta faɗi ta fasa gwiwa, kaina nake kawarwa, wata ta ɗauke ta. Ana yabona a kan haka. Ana cewa Helen akwai kunya.

Ran nan aka aike ta ta ɗauraye ludayi. Ba wanda ya ce mata ta je kududdufi, amma can ne kusa. Muna ta daka, ba mu ji komai ba. Ruwa ba ya ihu, jama'a. Malam ya sha faɗa mana, yaron da yake nutsewa ba ya kuka. Hassana ce ta fita zubar da ƙaiƙayi, ta ga ludayi yana yawo a kan ruwa.

Ita ta shiga ta tsamo ta. Ba ta daɗe a ciki ba, jikinta da ɗumi. Aka shigo da ita tsakar gida. Tsofaffi suka yi abin da suka gada, kuma da ƙauna suka yi shi, Allah ya sani. Suka kama ƙafafunta suka zazzage ta kai ƙasa. Suka kwantar da turmi, suka kifa cikinta a kai suna mirginawa don ruwa ya fito. Ɗaya ta kunna tsumma tana kanga mata hayaƙi a hanci.

Ni ina tsaye a bakin madafa da taɓarya a hannu. Kowace kalmar Malam tana kunnena. Kwantar da ita rigingine. Ɗaga haɓa. Hura. Na ajiye taɓarya, na yi taku biyu. Sai ƙanwar Iya ta ɗago ta gan ni, ta ce, "Ke, koma ciki. Uwa ba ta tsayawa a nan." Ba da faɗa ta faɗa ba. Tausayina take ji, ba ta so in gani.

Na koma.

Na shiga ɗaki na tsaya a bayan asabari ina leƙe, ina jin ƙarar turmi a ƙasa. In ce ban iya ba, ƙarya ne. In ce an riƙe ni, ƙarya ne. Abin da ya tsayar da ni shi ne, yaya zan ture surukata, in durƙusa, in sa bakina a bakin 'yar fari, a gaban dangin mijina? Kunyar da aka yi shekara shida ana yabona da ita, ita ta ɗaure mini ƙafa.

Malam yana Kazage yin lamba a ranar. Kafin a kai masa labari ya iso, rana ta yi sanyi. Ya jefar da keke a ƙofar gida, ya durƙusa a cikin taɓo da fararen kayansa, ya yi ta hurawa yana dannawa, ko da yake ya san lokaci ya wuce. Da ya gaji, ya cire rigarsa ya lulluɓe ta.

Bayan kwana bakwai ya dawo ya same ni a bayan gida, ina zaune ina kallon ruwan. Ban taɓa gaya wa kowa abin da muka yi magana ba sai yau. Na ce, "Malam, da na yi, da ta tashi?"

Ya dubi ruwan. Sannan ya ce, "Ban sani ba, Helen. Ba zan yi miki ƙarya don ki ji sanyi ba, ba kuma zan ɗora miki abin da Allah kaɗai ya sani ba. Amma akwai nawa laifin. Na koya wa hannunki, na koya wa bakinki, ban tambayi wanda zai tsaya a kanki ranar da abin zai faru ba. Da tsofaffi ya kamata in fara."

Ya kasance mutum ne da in abu ya ɓaci, nasa kason yake fara nema.

Daga ranar ya sake hanya. In ya shiga gida da Ɗan Buhu, ba ya fara kiran matasa. Sai ya durƙusa ya gaida tsohuwar gidan da tsohon gidan, ya ce, "Iya, Baba, izini na zo nema. Ina so ku faɗa da bakinku, a gaban surukarku, cewa ranar da ruwa ya ci yaro babu kunya a gidan nan." Wasu suka faɗa, wasu suka ce ya tashi ya ba su wuri.

Gidanmu ya fara zuwa. Ban zaci Iya za ta fito ba, domin tun rasuwar ba ta cin abincin kirki. Sai ga ta ta fito da sanda. Ta dubi buhun nan, ta dube ni, ta ce, "Ashe kin iya?" Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Kin iya, kika tsaya saboda ni?" Tsohuwar nan ta zauna a ƙasa ta yi kuka irin wanda ban taɓa ganin babba ya yi ba. Da ta share ido ta ce, "Malam, shaida. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Duk wadda ta ƙara jin kunyata a kan ran yaro, ban yafe ba." Ta ce a nuna mata ita ma. Ba ta da numfashin da zai ta da ƙirjin buhu, amma ta yi ta gwadawa. Da hannunta ta saro ƙaya ta kewaye kududdufinmu. Ta rasu bayan shekara biyu, ba ranar da ba ta je ta duba shingen nan ba.

Yanzu zan faɗi mai daɗi, domin akwai shi.

Shekara biyu bayan rasuwar 'yata, ina shanya a tsakar gida, na ji ihu daga gidan su Hassana. Na tsallake danga. 'Yarta Hajjo ce, shekara uku, ita ma 'yar fari, an tsamo ta daga ramin bayan gidansu, leɓɓanta sun yi baƙi. Har an kwantar da turmi. Hassana tana tsaye kamar an dasa ta, ga surukinta Malam Abdulsalam a tsakar gida. Na shure turmin nan da ƙafa. Na ce, "Hassana, durƙusa!" Ta ce, "Baba yana tsaye." Na ce, "Ya tsaya! Ni na tsaya, kin ga abin da na samu. Hura!"

Sai dattijon nan, Allah ya ƙara masa lafiya, ga shi can kusa da Liman, ya juya ya fuskanci bango, ya ba mu baya. Ya ce, "Yi, 'yata. Ban gan ki ba." Ya kama salati da ƙarfi.

Hassana tana hurawa, ina dannawa. Ban san tsawon lokacin ba. Can sai yarinya ta yi wani tari, ta amayo ruwa da tuwo, ta tsala kuka. Ban taɓa jin kuka mai daɗin wannan ba. Malam ya zo ya ɗauke ta zuwa asibitin Birnin Gwari, domin ya ce ko yaro ya farfaɗo dole likita ya duba shi. Hajjo, tashi tsaye mutane su gan ki. Kun gan ta. Bana ta shiga aji ɗaya. Zauna, 'yata.

Da Malam ya dawo, Labaran da kansa ya je ɗakin magani ya ce, "Malam, ina amaryar nan? A ba ni in gaishe ta." A shekarar mutum sama da arba'in suka koya.

Sai bara, a irin wannan wata, ranar kasuwa. Ina zaune a kan tallan daddawata, Malam ya wuce ya gaishe ni, ya ce zafin bana ya yi yawa. Bai kai rumfar mahauta ba ya dafe ƙirji ya faɗi. Mutane suka taru, wani yana zuba masa ruwa, wata tana yi masa fifita da faifai. Na kutsa. Na sa kunne a bakinsa, babu numfashi. Na duba wuyansa yadda ya koya mana, shiru.

A cikin taron nan akwai maza da suka koya a hannunsa. Ba zan kira suna ba, na san abin da ya riƙe su, domin ya taɓa riƙe ni. Na dubi hagu na dubi dama, ba wanda ya motsa. Na kwance gyalena na ɗaure ƙugu, na durƙusa. Ni matar aure, a tsakiyar kasuwa, na sa bakina a bakin mijin wata. Na hura, na danna, na hura, na danna. Daga baya Labaran ya durƙusa ya karɓi dannawar, da jinin nama a hannunsa, yana kuka yana cewa, "Tashi mana, Malam, wasa nake yi maka." Muka yi ta yi har motar katako ta zo aka ɗauke shi.

Bai tashi ba. Likita ya ce zuciyarsa ce, kuma irin wadda ba ta dawowa.

Kun san maganganun da suka biyo baya, domin a bakin rijiya aka yi su, a gindin bishiya aka yi su. Wasu suka ce Helen ta zubar da mutuncin aurenta. Wasu suka ce maganin da bai yi wa mai shi amfani ba, wa zai yi wa? Maganar ta kai kunnen maigidana. Rana ta uku ya ce, "Da ni ne na faɗi, haka za ki yi?" Na ce, "Haka zan yi." Ya ce, "To, wanda ya ƙara magana ya zo ya same ni." Na gode masa a gaban jama'a.

Yaya Susan, ke kuma da kika fi kowa ikon jin haushi, ke kika riƙe fuskata da hannu biyu ranar jana'iza kika ce, "Na gode da ba ki bar shi ya tafi ba wanda ya gwada ba." Wannan magana ita ta riƙe ni shekara guda. Ki yi haƙuri, Yaya. Na ba shi duk numfashin da nake da shi, bai isa ba. Ibrahim, Alice, ubanku bai bar muku gidan kwano ba, amma duk inda kuka shiga a ƙasar nan kuka ce ku 'ya'yan Malam Enoch ne, za a shimfiɗa muku tabarma. Ku riƙe uwarku.

Amma jama'a, ga abin da ya sa na yarda na tsaya. Tun ranar da Malam ya faɗi, ba wanda ya ƙara zuwa koyo. Ɗan Buhu yana rataye a ɗakin Yaya Susan, ɓera ya fara cin audugarsa. Daminar da ta wuce ruwa ya ci yara biyu, ɗaya a Gayam, ɗaya a nan cikinmu. Duka biyun a kan turmi aka mirgina su. Iyayensu suna nan zaune, ban faɗa don in tsokano musu ciwo ba, ni 'yar'uwarsu ce a wannan ciwo.

Ga masu cewa abin bai yi wa mai shi amfani ba, Malam bai taɓa ce mana kowa zai tashi ba. Cewa ya yi wasu za su tashi, kuma ba ka sanin wane ne sai ka gwada. Ga kabarinsa can, ga Hajjo nan. Duka biyun gaskiya ne. Wanda ya shuka dawa ba ta tsiro ba, ba ya rantsewa ya daina noma.

Kududdufai kuwa sun ƙaru. Da aka gina sababbin azuzuwan nan da ke bayanku, an haƙa rami uku. Ni da Hassana mun bi sawun Malam mun ƙirga a makon jiya, talatin da takwas ne yanzu. A bushe suke yau, awaki ne ke kwana a ciki. Amma kun ga hadarin da ya fara haɗuwa ta gabas. Nan da wata biyu za su cika, kuma yaranmu ba su san zurfi ba.

Ranka ya daɗe Dagaci, muna roƙo a yi shela: duk mai rami a bayan gida, ko ya cike shi, ko ya kewaye shi da ƙaya kafin ruwa ya sauka, kuma a samu mutum biyu a gidan da suka iya wannan aiki. Baba Fasto, Malam Liman, in ku kuka faɗa a coci da masallaci cewa ceton rai ba abin kunya ba ne, za a ji fiye da in ni na faɗa. Iyayenmu tsofaffi, ku sake mu da bakinku tun yau, kamar yadda Iya ta yi, kamar yadda Malam Abdulsalam ya yi. Ba cewa nake a bar kunya ba. Kunya ado ce, da ita aka raine ni. Amma a ranar nan ɗaya, a ajiye ta a bakin ƙofa kamar takalmi.

Ba zan koya muku da baki daga nan ba, domin aikin hannu ne, sai an durƙusa an gwada. Sabon malamin ɗakin magani ya yarda zai tsaya a kanmu ya gyara mana kuskure. Yaya Susan ta ɗinke Ɗan Buhu, ga shi nan a ƙarƙashin tebur. Ranar Laraba bayan la'asar, a gindin mangwaron ɗakin magani, ni da Hassana za mu koya wa mata, Labaran da maigidana za su koya wa maza. In mutum ɗaya ne ya zo, za mu koya masa. In ba wanda ya zo, za mu dawo wata Larabar.

Saura abu ɗaya. Shekara shida 'yata ta yi a duniya, ban taɓa kiran sunanta ta ji ba. Shekara biyar ke nan tana ƙasa, ban kira ba. Ba zan iya ce muku ku ajiye kunya ba alhali ina riƙe da tawa. Iyayena, ku gafarce ni.

Sunanta Mary. Mary, 'yata. Ni ce uwarki, ina bayan asabari a ranar, kuma na iya.

Na gode wa wakilin Hakimi da Dagaci da suka saurari mace har ta gama. Na gode wa Hedimasta da ya ba mu fili, da matan da suka yi girki, da duk wanda ya tako. Na gode wa Yaya Susan da ta ba mu aron mijinta shekara goma sha huɗu, ba ta taɓa rufe mana ƙofa ba.

Ya Allah, kai ka hura wa ɗan Adam numfashi tun farko, a hannunka yake, gare ka yake komawa. Ka ba bawanka Enoch hutu, ka sāka masa da abin da mu muka kasa sāka masa. Ka zama miji ga gwauruwa, uba ga marayu. Ka sanyaya zuciyar duk uwar da ruwa ya yi wa ƙwace. Ka ba mu damina mai albarka, ka tsare mana yaranmu a cikinta. In kuma ranar ta zo a gidan wani, ka kwance masa ƙafa ya durƙusa. Ka mai da kowa gidansa lafiya. Amin.